Wat Biyar Ko Wat Ɗari? Yadda Na Zaɓi Amfilifayar Da Zan Iya Goyawa A Baya

A ranar Juma'a 27 ga Satumba, 2024, guguwar Helene ta zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan duwatsun yammacin jihar Karolina ta Arewa. Koguna suka yi ambaliya, ƙasa ta zaftare, wani sashe na babbar hanyar I-40 ya rufta cikin kogi, kuma mutum sama da 100 suka rasa rayukansu a jihar kaɗai. Abin da ya ƙara wa jama'a tashin hankali shi ne yankewar sadarwa. Turakun wuta sun faɗi, wayoyin intanet sun tsinke, wayar salula ta koma agogo da tocila kawai. A birnin Asheville da ƙauyukan kewaye, mutane sun yi kwanaki ba su san halin da 'yan'uwansu ke ciki ba.

Cikin 'yan hanyoyin da suka rage har da rediyon masu sha'awa, wanda mu a gida za mu kira oba-oba. Akwai wata na'ura mai karɓar murya ta sake watsa ta a ƙolin dutsen Mitchell, mai tsayin mita 2,037, kuma ta cikinta 'yan sa-kai suka yi ta karanta sunayen waɗanda ake nema, suna faɗin hanyar da ta buɗe da inda ake raba ruwa.

Mu a Greensboro, kimanin kilomita 270 gabas da Asheville, abin ya zo mana da sauƙi. Amma duk wanda yake da dangi a Zamfara, ko wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, bai manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka datse layukan waya saboda matsalar tsaro. Ni 'yar Katsina ce, na san yadda zuciya ke yi idan ka kira sau goma ba ya shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa a farkon 2025, tsakanin aji da ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar A&T inda nake digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki, na zauna jarrabawar lasisi.

Wa zai iya shiga?

Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, tana ba da lasisi hawa uku: Technician, General da Amateur Extra. Biyun farko tambayoyi 35 ne kowanne, ka ci 26 ka wuce. Na ukun tambayoyi 50 ne. Tun 2007 aka daina tilasta koyon saƙon Morse. Kuɗin hukuma dala 35 ne, lasisin kuma yana aiki shekara goma. Ba sai kana ɗan ƙasa ba: ɗalibi mai biza ma yana iya samu, wakilin wata gwamnatin waje ne kaɗai aka hana. Lasisin General shi ne ke buɗe maka magana da murya a yawancin gajeren zango, wato irin zangon da iyayenmu ke murɗa akwatin Kchibo su kamo BBC Hausa, wadda ta fara watsa shiri tun 1957. Bambancin kawai, nan kai ma kana da bakin magana.

Ɗalibar da ke haya a bene ba ta da filin kafa doguwar eriya, kuma gidan cike yake da ƙarar cajoji da firji da talabijin da ke toshe wa rediyo kunne. Mafita ita ce fita waje. Akwai shiri mai suna Parks on the Air: ka je wani gandun shaƙatawa na gwamnati da ke cikin jerinsu, ka kafa kayanka, idan ka yi magana da tashoshi goma a rana ɗaya an rubuta maka. A cikin Greensboro muna da gandun Guilford Courthouse, inda aka gwabza yaƙi ranar 15 ga Maris, 1781 tsakanin sojojin Ingila da na Janar Nathanael Greene, wanda birnin ya ci sunansa. Arewa kaɗan kuma akwai gandun Haw River. Wasa ne, amma atisaye ne na gaske, domin abin da za ka yi ranar da wuta da waya suka ɗauke ke nan: batir, waya, da abin da bayanka zai iya ɗauka.

Rediyona Yaesu FT-817 ne na hannu, bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, ƙarfinsa wat biyar. Ina jin Turai tar, amma idan na yi kira sai manyan tashoshi su danne ni. Nan maganar amfilifaya ta taso. Aikinta iri ɗaya ne da ta masallacin unguwa: ta karɓi ƙaramar murya ta ƙara mata ƙarfi. Tambayar ita ce, ƙarfi nawa, a nawa, kuma da wane nauyi?

Abin da kuɗinka ke saya

Mutane da yawa suna zaton wat 100 zai kai ninki ashirin na nisan wat biyar. Ba haka lissafin yake ba. Kunnen mutum da na rediyo ba sa auna ƙarfi da ƙari, da ninki suke aunawa, ma'aunin kuma shi ake kira desibel. Duk lokacin da ka ninka ƙarfi biyu, desibel uku ka ƙara. Ninki goma, desibel goma. A fuskar rediyon wanda ke sauraronka akwai allura mai lamba ɗaya zuwa tara, kuma bisa al'ada kowace lamba desibel shida ce, wato sai ka ninka ƙarfinka huɗu kafin allurarsa ta matsa lamba ɗaya.

To mu ɗora a kan nawa. Daga wat biyar zuwa 50, desibel goma ne, allura ta matsa fiye da lamba ɗaya da rabi. Daga 50 zuwa 100, desibel uku kacal, rabin lamba. Duka tafiyar daga biyar zuwa 100 desibel 13 ce, kuma goma daga ciki ka riga ka same su tun a wat 50. Wannan lissafin shi ne ƙashin bayan duk shawarar da na yanke daga baya.

Akwai kuma abin da amfilifaya ba ta yi: ba ta ƙara maka ji. Tsofaffin hannu suna yi wa mai ƙarfi da yawa da muguwar eriya laƙabi da kada, ƙaton baki ba kunne. Wani dattijo a ƙungiyar masu rediyo ta Greensboro, wanda ya shafe shekaru fiye da nawa na haihuwa yana wannan harka, ya ce kada in kashe ko sisi a kan amfilifaya sai na gyara eriya. Waya ce mai tsawon mita 20, rabin zangon mita 40, wadda ake ciyar da ita daga baki ɗaya. Na daina rataya ta a ƙaramin reshe, na sayi sandar kamun kifi mai zuƙewa na ɗaga ta sama sosai. Desibel ɗin da eriya ta ba ka riba biyu ne, domin yana aiki wajen magana, yana aiki wajen saurare, kuma ba ya shan batir.

Nauyin yana cikin batir

Duk wanda ya taɓa haɗa sola da inbata a gida ya san cewa kayan ba su ne matsala ba, abin da zai ciyar da su ne. Irin waɗannan amfilifayoyi kusan rabin wutar da suka sha ne ke fita ta eriya, sauran zafi ne. Mai wat 100 tana jan amfiya wajen 20 a kan bolt 13.8 idan murya ta kai ƙololuwa. Mai wat 50 tana jan kusan rabin haka.

Ga ƙiyasin da na yi a takarda. Magana ba ta tsayawa a ƙololuwa, don haka na ɗauki rabi a matsayin matsakaici. Na kuma ɗauka cewa kashi ɗaya cikin uku na lokacin nake magana, sauran ina saurare. Da wat 100 zan ci kusan amfiya huɗu a awa. Batir mai amfiya-awa 12 zai ba ni awa uku. Da wat 50, batir ɗin zai kai ni wajen awa biyar. Ranar shaƙatawa bambancin ba wani abu ba ne. Ranar da babu inda za ka yi caji, awa biyun nan su ne komai.

Batirin da ya dace shi ne na lithiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ake rubuta wa LiFePO4. Ya fi batirin gubar dalma sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, kuma yana riƙe ƙarfinsa kusa da bolt 13 har ya kusa ƙarewa. Sai dai a duba abu biyu. Na farko, kowane batir yana da iyakar amfiyar da zai bari a ja. Idan amfilifaya ta wuce ta, zai yanke wuta ana tsakiyar magana. Na biyu, kauri da gajartar wayar wuta. Siririyar waya mai turjiyar om 0.05 kacal za ta cinye bolt ɗaya cur idan amfiya 20 na bi ta cikinta, sai murya ta fara shaƙewa kana zargin na'ura alhali wayar ce.

Ga mu masu zuwa gida hutu akwai ƙarin abin lura. Batirin lithiyam na daban ba ya shiga jakar da ake aunawa, sai ta hannu. Wanda bai wuce wat-awa 100 ba yana wucewa. Daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgi. Abin da ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Ka ninka bolt 12.8 da amfiya-awar batirinka: mai 6 ya ba da 77, mai 12 ya ba da 154, mai 20 ya ba da 256. Wato batirin da zai ciyar da wat 100 a wadace ba zai bi ka Kano ko Yamai ba.

Doka, da dalilin da baƙo zai kiyaye ta

Iyakar ƙarfi ga mai lasisi a Amurka wat 1,500 ne, a zangon mita 30 kuma wat 200. Amma dokar ta kuma ce a yi amfani da mafi ƙarancin ƙarfin da zai isar da saƙo. Amfilifayar da kamfani zai sayar a ƙasar dole ta sami shaidar FCC, kuma daga cikin sharuɗɗan akwai cewa kada ta ƙara fiye da desibel 15, wato ninki 31 da ɗoriya, kada kuma ta yi aiki tsakanin megahaz 26 da 28, inda direbobin manyan motoci ke hira a rediyon CB. Mai lasisi yana da damar harhaɗa tasa da hannunsa, ko ya sayi ta hannu daga wani mai lasisi.

Intanet cike take da ƙananan akwatuna masu arha da aka rubuta wa wat 100 ko 200. Araha ba ta ado. Da yawansu ba su da matata. Kowace amfilifaya tana haifar da 'ya'yan sauti a ninki biyu da ninki uku na mitar da kake kai, kuma matatar ce ke tare su. Doka ta ce a gajeren zango dole waɗannan su yi ƙasa da ainihin siginar da aƙalla desibel 43. In babu matata, kana magana a megahaz 14 amma kana kutsawa 28 da 42 ba ka sani ba. Alhakin kuma na mai lasisi ne, ba na wanda ya sayar ba. Ni da ke zaune da bizar karatu, ba na son wata takardar gargaɗi daga hukumar tarayya ta zo da sunana a kai saboda na tsimi dala ɗari.

Tun Mayun 2021 kuma an wajabta wa kowane mai tasha ya auna ko igiyar rediyonsa ba ta wuce ƙima ga mutanen da ke kusa ba. Ƙungiyar ARRL, wadda aka kafa a 1914, tana da manhajar lissafin a shafinta kyauta. A gandun da yara ke guje-guje wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman da yake bakin wayar eriya yana iya ƙona hannun wanda ya taɓa ana cikin watsawa.

Tambayoyi biyar kafin ka biya

Bayan ƙarfi da batir da doka, ga abin da na riƙa tambaya a kan kowace na'ura.

Yaya take sanin ka fara magana? Wasu suna jin igiyar rediyon su kunna kansu, abin da kan yanke farkon kalma. Wadda ake haɗawa da rediyo da wayar umarni ta fi.

Wa ke canja zango? In da hannu ake murɗa matata, ranar da ka manta ka koma mita 20 matata na kan mita 40, tiransistocin ne za su biya. Wadda ke bin rediyo da kanta ta raba ka da wannan fargaba.

Tana kare kanta? Iska na iya kayar da eriya kana tsakiyar kira, ƙarfin ya dawo wa na'ura. Mai kyau za ta gane ta tsaya.

Tana da abin daidaita eriya a ciki? FT-817 ba shi da shi. Kuma wanda ke cikin wasu ƙananan rediyoyi ba ya amfani da zarar an saka amfilifaya a gabansa, domin dole ya zauna tsakanin amfilifaya da eriya.

Yaya take da zafi? Murya tana ba na'ura hutu. Amma FT8, hanyar saƙon kwamfuta da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, da Steve Franke suka fito da ita a 2017, tana watsawa kusan daƙiƙa 13 ba numfashi a kowane zagaye. A zafin Yulin Karolina dole a rage ƙarfi.

Abin da ke kasuwa, da abin da na ɗauka

Guda uku na auna. Elecraft KXPA100 tana ba da wat 100, aikin Kalifoniya ne mai kyau, an yi ta ne musamman don rediyoyin kamfanin irin KX2 da KX3, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗaliba. Xiegu XPA125B ita ma wajen wat 100 ce, da abin daidaita eriya a ciki, ta fi sauƙin kuɗi. Sai Hardrock-50, mai wat 50, wadda aka san ta da zuwa a warwatse mai saye ya harhaɗa.

Akwai hanya ta huɗu da ya kamata kowa ya auna da gaskiya: kada ka sayi amfilifaya sam. Yaesu FT-891 cikakken rediyo ne mai wat 100, nauyinsa bai kai kilo biyu ba, kuma sabonsa bai kai kuɗin KXPA100 ba. In har wat 100 kake so kuma ba ka riga ka mallaki ƙaramin rediyo ba, wannan ya fi: akwati ɗaya, wayoyi kaɗan. Aibinsa shi ne ya fi ƙananan rediyoyi shan wuta ko da saurare kawai kake yi.

Ni Hardrock-50 na ɗauka, ta hannu, daga wani ɗan ƙungiyarmu da ya harhaɗa ta da kansa. Kafin in biya, na nemi izinin malamina muka ɗora ta a kan na'urar auna sigina muka tabbatar matatunta na aiki a kowane zango. Dalilaina uku ne: ta ba ni desibel goma cikin 13, batir mai amfiya-awa 12 ya ishe ta, kuma ranar da nake son tafiya da sauƙi sai in bar ta a gida in ɗauki rediyon kaɗai. Daidai ruwa, daidai tsaki.

A Haw River, da wat biyar nakan yi awa ɗaya da rabi kafin in haɗa tashoshi goma da murya. Fitata ta farko da wat 50 na wuce ashirin kafin awa ta cika, har da Italiya da Sifen a zangon mita 20. Amma gwajin da ya fi min muhimmanci shi ne na zangon mita 40 da eriya ƙasa-ƙasa. A haka igiyar takan tashi sama tsaye, ta bugi sararin samaniya ta dawo kamar ruwan sama a kan 'yan ɗaruruwan kilomita kewaye, ta tsallake duwatsu ba tare da taimakon kowace na'ura a tsakani ba. Tashoshin yammacin jihar sun ji ni sarai. Wannan ce hanyar da za ta rage in har na'urar kan dutse ma ta faɗi.

Zai kai gida?

Greensboro na da jama'ar Nijar masu yawa, kuma a wurin wani suna wata Hajiya 'yar Maraɗi ta ji ana zancen. Ta ce, "'Yata, wannan oba-obar taki za ta kai Maraɗi in gaisa da yayata?"

Na ce, "Inna, kaiwa za ta iya kaiwa, amma gaisuwar ce doka ba ta bari ba."

Tsakanin Greensboro da Kano kimanin kilomita 9,000 ne, kusan gabas sak. A zangon mita 20, 17 ko 15, idan yanayin sama ya yi kyau, wat 50 na iya ƙetare wannan. Yanayin kuwa yana bin zagayen rana na shekara 11. Na yanzu ya fara a Disambar 2019, hukumar NASA ta sanar da kaiwarsa ƙoli a Oktoban 2024, don haka daga nan sauka zai riƙa yi, desibel goman nan kuma za su ƙara daraja. Sai dai dole a ɗaya ɓangaren a sami mai lasisin ƙasarsa. Lambar kiran Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Ghana 9G, kuma tashoshin ba su da yawa. Duk ranar da ɗaya ta bayyana, duniya ce ke rububin ta. Isar da saƙon wanda ba shi da lasisi zuwa wata ƙasa kuma sai inda Amurka ke da yarjejeniya. Ghana, Gambiya da Laberiya suna cikin jerin, Najeriya da Nijar ba sa ciki. Lasisin Amurka ma ba ya ba ka damar kunna rediyo a gida sai da izinin hukumomin can. Ba a kasuwanci a kai, ba a saka kiɗa, ba a ɓoye ma'anar magana.

Abin da doka ba ta hana ba shi ne Hausa. Kana iya hira da kowane harshe, muddin za ka faɗi lambar kiranka da Turanci duk minti goma da kuma ƙarshen zance. Muna da direbobi masu ratsa jihohi, da ma'aikatan jinya, da ɗaliban injiniya a Greensboro, Atlanta, Houston da Bronx. Mutum biyar masu lasisin General sun isa su buɗe zauren Hausa na mako-mako a zangon mita 40 ko 20, wanda zai zama hira a ranar lafiya, ya zama hanyar cigiya a ranar tsanani.

Mai son gani da ido kafin ya kashe kuɗi, ya nemi ƙungiyar masu rediyo ta garinsa a ƙarshen mako na huɗu na watan Yuni. Ranar ce ake kira Field Day, inda ƙungiyoyi a duk faɗin Amurka da Kanada ke fita fili da batir da janareta, kuma suna barin baƙo ya riƙe makirfo ƙarƙashin kulawar mai lasisi. Kayan hannu kuma ana samun su a kasuwar masu rediyo ta Raleigh a watan Afrilu, da ta Shelby a wajen farkon Satumba. Ka je da takarda da biro, ka tambayi amfiya nawa take ja kafin ka tambayi wat nawa take bayarwa.